Randy Travis da waƙoƙin bishara: tuba ce ko kasuwa ce ta ja baya?

Wani ƙanena da muka taɓa buga jita tare a coci shekarun baya ne ya turo min tambaya, yace yana neman tsoffin waƙoƙin Randy Travis, mawaƙin nan na Amurka, da babansu yake sa musu a mota suna yara, sai ya ci karo da wasu albam nasa da babu komai a ciki sai waƙoƙin coci. Shine yake so ya sani wai gaskiya ne mutumin ya bar kiɗan kantiri, wato kiɗan jita na karkarar Amurka, ya koma waƙar bishara, kuma tuba ce ta gaskiya ko dai kasuwa ce ta mutu masa ya je ya laɓe a bayan gicciye, dan ya ji ance bayan duk wannan ma an kama shi a buge.

Toh ƙanena, tambayarka uku ce ka dunƙule ta wuri ɗaya, kuma tun daga kalmar "ya koma" ɗin nan na fara samun matsala da ita. Ni tun zamanin kaset nake bin wannan kiɗan, lokacin da in ka shiga shagon mai kaset a Jos ko Kaduna baka rasa Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers, kuma abin da na fahimta shine mu nan muna ɗaukan abin kaman akwai wata katanga ce, wannan ɓarin waƙar duniya wancan ɓarin waƙar Allah, duk wanda ya tuba sai ya tsallaka. A jihohin kudu na ƙasar Amurka inda kantiri ya fito ba haka abin yake ba sam. Kantiri da gosfel uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Bari in baka misali ɗaya da ya ishe ka. Akwai wani gini a Nashville, garin da yake cibiyar kiɗan kantiri, da ake ce ma Ryman, nan ne shirin rediyo na kantiri mai suna Grand Ole Opry ya zauna daga 1943 zuwa 1974, wato duk wani mawaƙin kantiri da ya isa a kira shi mawaƙi a lokacin sai ya hau wannan dandalin. Toh ginin nan asalinsa wurin wa'azi ne. Wani mai jiragen ruwa Thomas Ryman ne ya je taron farkaswa na mai bishara Sam Jones a 1885 ya tuba, shine ya sa aka gina wurin, aka buɗe a 1892 dan a riƙa wa'azi a ciki. Har yau in ka je kallo a wurin akan bencin coci zaka zauna. Kaga kenan tun daga tushe abin a haɗe yake, mawaƙi ya yi waƙar giya da rabuwar aure daren Asabar, ya rufe taron da waƙar coci, kuma ba mai ganin wani abin mamaki. Yawancinsu ma a coci suka koyi rera waƙa da raba murya huɗu, kaman yadda namu yaran suke koyo a kwaya. Hank Williams da ake ɗauka uban kantiri na zamani shi ya rubuta I Saw the Light da har gobe ake rerawa a coci, amma giya da ƙwaya suka gama da shi, ya mutu a bayan mota ranar 1 ga Janairu 1953 yana ɗan shekara 29 kacal.

Yanzu mu zo kan mutuminka. Sunansa na yanka Randy Traywick, an haife shi 4 ga Mayu 1959 a wani ɗan ƙaramin gari Marshville a jihar North Carolina. Babansu mai kiwon talotalo da dawaki ne kuma mayen kantiri, shi ya ɗora su kan jita shi da yayansa Ricky tun suna ƙanana, suna zuwa wasa a wuraren da yaro bai kamata ya shiga ba. Kafin ya kai ashirin ya riga ya zama abin da mu zamu ce gagararre, ya bar makaranta, ga giya ga ƙwaya ga faɗa ga tsere da ƴan sanda a mota ga fasa wuri, kamu kan kamu. Abin da ya tsare shi daga gidan yari wata mata ce, Lib Hatcher, mai wani kulob a Charlotte inda ya ci gasar waƙa. Ita ta tsaya masa gaban alƙali aka damƙa mata shi, ta zama manajansa, daga baya kuma a 1991 ta zama matarsa duk da ta girme shi nesa ba kusa ba. Sun tafi Nashville a 1982, yana wanke kwanuka yana suya a kicin ɗin wani gidan abinci da kiɗa, in an samu fili ya cire rigar kicin ya hau ya rera waƙa biyu ya koma. Kamfanonin faifai suka yi ta korarsa, wai muryarsa ta cika ƙauyanci, dan lokacin kantiri ya karkata wajen fof.

Sai a 1985 kamfanin faifai na Warner Bros suka ɗauke shi, 1986 ya fitar da Storms of Life ya sayar da sama da kwafi miliyan 3, wanda ya biyo baya a 1987 ya ma fi shi, nan ne Forever and Ever, Amen take, ina kyautata zaton ita ce babanku yake sa muku a mota. Wannan muryar mai kauri da aka raina ita ta dawo da kantiri kan tsohuwar hanyarsa, ita ta share fili ma su Alan Jackson da Clint Black da Garth Brooks da suka fito a 1989.

Abin da mutane basu cika lura da shi ba, maganar bangaskiyarsa ba a shekarar 2000 ta fara ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa a hira cewa ba wani dare guda bane haske ya faɗo masa, yace tun yana cikin shekarunsa na ashirin da wani abu ya fara karanta Littafi Mai Tsarki kafin ya kwanta, sai ya ga yana samun kwanciyar rai da bai saba da ita ba, shi da ya taso zuciya a wuya, a hankali a hankali abin ya kai shi ga baftisma. Wato lokacin da yake kan ganiyarsa kuɗi na shigowa ta ko'ina, karatun nan yana tafiya a gefe. Wannan kaɗai ya rage ma zancen "sai da kasuwa ta mutu" ƙarfi.

Amma fa bazan rufe ka ba, maganar kasuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Waƙarsa ta ƙarshe da ta hau lamba ɗaya a wancan zangon a 1994 ce. Daga nan yaran da ya buɗe ma ƙofa suka cika gidajen rediyo, salon ya sake canjawa, aka koma kiɗa mai ƙara da bidiyo mai tsada, shi kuma ya raba hankalinsa wajen fim da wasan talabijin, ya bar Warner a 1997 ya koma DreamWorks, albam biyu ya yi musu na biyun bai tafi yadda ake so ba. Sai ga Inspirational Journey a 2000, albam ɗinsa na bishara na farko. Duk mai ido zai ce ruwa baya tsami banza. Kuma a Nashville wannan ba ƙaramar kasuwa bace, garin ne cibiyar kamfanonin kiɗan Kirista, nan hedikwatar ƴan Baftis na jihohin kudu take, nan ake da manyan masu buga Littafi Mai Tsarki, ga dubban coci-coci masu gayyatar mawaƙa. Masu sauraron bishara kuma basa jefar da mutum dan ya tsufa kaman yadda rediyon kantiri yake yi, in sun riƙe ka sun riƙe ka kenan. Shi ya sa mawaƙa da yawa in tauraronsu ya fara dushewa suke fitar da albam ɗin waƙoƙin coci, wasu da zuciya ɗaya wasu kuwa lissafi ne kawai.

Ni yadda nake auna abin, bana duba abin da mutum ya samu, ina duba abin da ya yarda ya rasa. Ka ɗauki Stuart Hamblen, mawaƙin kaboyi ne kuma babban mai shiri a rediyo a Los Angeles, mashayi mai harkar dawakin tsere, ya tuba a taron mai bishara Billy Graham na 1949, ya ƙi ci gaba da tallan giya a shirinsa, shirin ya tafi. Ko Wanda Jackson da ita da mijinta suka ba da ransu ga Almasihu a 1971, ta so ta riƙa yin bishara sosai, kamfaninta Capitol basu da ra'ayin hakan bayan albam ɗaya, ta rabu dasu ta koma ƙaramin kamfanin Kirista ta bar wasa a kulob na tsawon shekaru. Waɗannan sun biya kuɗin abin da aljihunsu. Johnny Cash kuwa nasa ma juyin waina ne, shi tun farko a matsayin mawaƙin bishara ya je wajen Sam Phillips mai kamfanin faifai na Sun a Memphis aka ce masa ba ta sayuwa, yana komawa kamfanin Columbia cikin abin da ya fara yi har da albam ɗin waƙoƙin coci a 1959, alhali lokacin yana tashe, babu abin da ya tilasta shi.

A wannan ma'aunin Randy Travis yana tsakiya ne. Bai yi asara irin ta Hamblen ba, gaskiya, dan bai taɓa cewa ya bar kantiri ba kuma bai daina rera tsoffin waƙoƙinsa a wasa ba. Amma kuma ba albam ɗaya ya yi ya share baki ya wuce ba kaman yadda masu lissafi suke yi. Ya jera su ne, Rise and Shine a 2002, Worship & Faith a 2003, Passing Through a 2004, Glory Train a 2005, yana zuwa coci-coci yana waƙa yana ba da shaida, wajen shekara bakwai harkar kenan kafin ya sake fitar da cikakken albam na kantiri a 2008. Uku daga cikinsu sun ci Grammy a ɓangaren gosfel na kudu da kantiri. Mutumin da ya sayar da miliyoyi, in kuɗi zalla yake nema akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi.

Sai kuma abin da ba wanda ya yi lissafinsa, Three Wooden Crosses. Nan zan ɗan daɗe dan waƙar nan ita ce amsar tambayarka ta farko gaba ɗaya. Ba shi ya rubuta ba, Kim Williams da Doug Johnson ne. Labari ne na mutum huɗu a motar haya cikin dare sun nufi Meksiko, manomi da malamar makaranta da karuwa da mai wa'azi, tirela ta murƙushe motar, aka kafa gicciye uku na katako a bakin titi. Mai sauraro yana ta lissafi mutum huɗu gicciye uku, wa ya tsira, kuma kowa zuciyarsa tana cewa ai mai wa'azin ne. Ashe kafin ya cika ya miƙa ma karuwar Littafinsa da jini a jiki, ita ce ta rayu, kuma faston da yake ba da labarin a coci ranar Lahadi ɗanta ne, ga Littafin a hannunsa. Shi kenan waƙar. Ka lura babu haleluya a ciki, babu kiran mutane su fito gaba, gini ne na kantiri tsantsa, baiti uku da ɗan murɗiya a ƙarshe, irin yadda suke ba da labarin direban tirela ko matar da ta gudu. Daga kamfanin Kirista Word ta fito, gidajen rediyon kantiri da suka yi shekaru basa kula shi suka ɗauka, ta hau lamba ɗaya a jadawalin kantiri na mujallar Billboard a 2003, shekara tara bayan ta ƙarshe, ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta CMA ta bata kambun waƙar shekara. Toh yanzu ka faɗa min, waƙar nan kantiri ce ko bishara? Shi ya sa nace kalmar "ya koma" bata zauna ba.

Kuma in zan ɗan yi tsokaci kan namu na gida, wannan ne darasin da nake so masu rubuta waƙar bishara da Hausa su ɗauka, dan mun cika tara kalmomin yabo a jere muna maimaitawa sau ashirin ba labari ba mutum a ciki, alhali mu ne ma muka gaji tatsuniya da waƙar labari. Tsofaffin da suka yi tashe a Jos irin su Panam Percy Paul, in ka saurari jitarsa ta farko-farko zaka ji kantiri a ciki ƙarara, kunnen mutanenmu dama ya saba da wannan salon. Wannan dai gefe ne.

Yanzu maganar kamu, eh gaskiya ne ba ƙage bane, kuma abin ya fi yadda ka ji muni. Aurensa da Lib ya mutu a 2010 bayan shekara 19, daga baya harkar manajan ma ta watse har da kai juna kotu, matar da ta riƙe rayuwarsa tun yana ɗan saurayi kenan fa. A Fabrairun 2012 ƴan sanda suka same shi a mota a buge, a gaban wata coci ma kuwa, a garin Sanger na jihar Teksas. A watan Agusta na wannan shekarar ya yi hatsari da mota kusa da Tioga, aka same shi a titi tsirara yana warin giya yana ma ƴan sanda barazana. A Janairun 2013 ya amsa laifin tuƙi cikin maye, aka ci shi tarar dala 2,000 aka sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara biyu. Lokacin da labarin ya fito na ji masu cewa ai dama, hali zanen dutse.

Ni ban yarda wannan ya tabbatar da cewa ƙarya yake yi tun farko ba, kuma ba dan ina son muryarsa nake faɗa ba. Duk wanda ya taɓa zama da mai fama da shaye-shaye ya san abin baya tafiya a miƙe, mutum zai yi shekara ashirin bai taɓa ba, rana ɗaya gida ya rushe masa ya koma kaman jiya ya bari. Johnny Cash da ya yi ta hawa dandali tare da Billy Graham, ya zuba kuɗinsa ya yi fim kan rayuwar Yesu a Isra'ila a farkon shekarun 1970, ya rubuta littafi kan Manzo Bulus, shi ma ƙwaya ta sake kayar da shi har aka kwantar da shi a cibiyar jinyar masu shaye-shaye ta Betty Ford a 1983, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Inda nake ganin laifin namu ne mu masu sauraro, muna son shaida mai tsafta, da can ina cikin duhu yanzu na fito shi kenan an tafa, sai mu ɗauki mawaƙi da ya tuba jiya mu ɗora shi kan bagade kaman fasto dan kawai yana da suna, ba wanda ya tambaya wa yake kiwonsa wa yake tsawata masa. In ya faɗi kuma mu ne na farkon jifa. Wannan kam ba a Amurka kaɗai ake yi ba, kai ma ka sani. Abin da ke cikin zuciyarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, iyakar abin da ni da kai zamu iya dubawa shine ya amsa laifinsa bai tsaya kame-kame ba, kuma bai juya ya zagi abin da ya rera ba.

Ko wata shida ba a yi da shari'ar ba, a Yulin 2013, wata cuta ta kama masa zuciya aka kwantar da shi a asibiti a Teksas, yana can kuma jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai da aka yi masa tiyata a kai. Yana da shekara 54. Ya rayu amma magana ta tafi, irin lalurar nan da mutum ya san abin da yake so ya faɗa sarai amma kalma ta ƙi fitowa, sai ɗaya-ɗaya. Mary Davis da ta yi jinyarsa ya aura a 2015, ita ce bakinsa a yanzu in ana hira. A Oktoban 2016 da aka shigar da shi zauren girmamawa na mawaƙan kantiri a Nashville, aka riƙo shi ya tsaya, kawai sai ya kama Amazing Grace, murya na rawa kalmomin na fita da ƙyar amma ya kai baitin, manyan mawaƙa a wurin suna ta share hawaye. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda magana ta ƙwace masa ta wannan hanyar wani lokaci yana iya rera waƙar da ya haddace tun da, dan waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, saboda haka bana cewa mu'ujiza ce a yi ta yaɗawa. Abin da ya tsaya min a rai dai shine cikin waƙoƙi 16 da ya kai lamba ɗaya ba ko ɗaya ya ɗauko ba ranar.

In zaka saurara, kar ka fara da Worship & Faith duk da shi mutane suka fi turawa, yawanci tsoffin waƙoƙin sujada ne da wasu na zamani, wasunsu ma ka riga ka san muryarsu daga Littafin Waƙoƙi, yana da daɗi amma bazai nuna maka mutumin ba. Fara da Rise and Shine, sannan Glory Train in kana son jita da banjo ba tarkace, wannan ɗin zai yi maka amfani in har yanzu kana bugawa, dan yawancinsu kod uku ne ko huɗu. Akwai kuma wata sabuwa da suka fitar a 2024, Where That Came From, in ka ci karo da ita kar ka ɗauka ya warke ne, wani mawaƙi ne ya rera aka ɗora muryar Randy a kai da fasahar AI da aka horar da tsoffin faifansa, da yardarsa da ta matarsa. Ni dai sau biyu na saurara na kashe, kunnena ya ƙi karɓa, amma ka ji da kanka ka faɗa min.